Kwamfutata ta koma tafiyar hawainiya, an ce in cire Microsoft Store

Assalamu alaikum. Ni malamar sakandare ce, kuma ni ke haɗa sakamakon jarrabawar ajinmu a Excel. Laftof ɗina ta gwanjo ce, Windows 10 Home, RAM 4GB, faifan ajiyarta irin na da mai 500GB. Kusan wata biyu ke nan, da zarar na kunna ta na jona mata datar wayata sai ta yi nauyi: linzami ya riƙa maƙalewa, fanka ta riƙa ƙugi, fayil ɗaya sai na gaji da jira kafin ya buɗe. Data kuma tana ƙarewa ban san inda ta tafi ba. Ɗan yayata ya buɗe Task Manager ya nuna mini wani abu wai shi wsappx, ya ce na Microsoft Store ne, a cire Store ɗin gaba ɗaya tunda ban taɓa sayen komai a ciki ba. Mai gyara kuma ya ce sai an yi fomatin. Ina tsoron rasa fayilolina, ga ƙarshen zango ya matso. Wace shawarar zan bi?

Malama, daga Gusau

Wa alaikumus salam, Malama. Ɗan yayarki ya gano inda ciwon yake, amma maganin da ya kawo ya fi ciwon illa. Mai gyara kuma ya yi gaggawa. Kada ki cire Store, kada ki yarda a yi fomatin a wannan matakin. Kafin ki taɓa komai, kwafe fayilolin sakamakon nan zuwa filashi, ki kuma tura wa kanki ta imel. Faifan da ke shan wahala irin wadda kika bayyana ba abin dogaro ba ne, ko da laifin ba nasa ba ne. Daga nan ki rubuta Create a restore point a wurin bincike na Start, ki buɗe, ki danna Create. Idan wani mataki ya ɓaci, da wannan za a mayar da Windows yadda take.

Wannan wsappx suna ne da Windows 10 ta haɗa ayyuka biyu a ƙarƙashinsa. Idan kika danna 'yar kibiyar da ke gefensa a Task Manager za ki gan su. Na farko AppX Deployment Service, shi ke girka manhajojin Store, ya sabunta su, ya cire su. Na biyu Client License Service, shi ke duba lasisin kowace manhaja. Ba a yi su don su yi ta gudana wuni guda ba. Suna tashi ne in aiki ya taso, su kwanta in sun gama. Don haka idan kullum kina ganinsa a saman jeri, ko dai aikin da aka tara masa ne bai taɓa samun damar gamawa ba, ko kuwa akwai abin da ya maƙale yana ta maimaita shi. Gyaran ya danganta da wanne ne daga cikin biyun.

Maganar cewa ba ki taɓa sayen komai ba, ba a nan gizo ke saƙar ba. Store ya shigo ne tare da Windows 8 a 2012 da sunan Windows Store, aka mayar da shi Microsoft Store a 2017, kuma tun daga Windows 10 ya wuce zama kantin saye kawai. Ta hanyarsa ake sabunta Calculator, Photos, Camera, Sticky Notes da manhajar ɗaukar hoton allo. Ta nan ake samun ƙarin da ke buɗe hotunan iPhone, da WhatsApp na kwamfuta, har da manhajojin saita sauti da hoto na kwamfutoci da yawa. Duk wanda ya tumɓuke Store da umarnin PowerShell ya toshe wa waɗannan hanyar gyara, kuma wsappx bai tafi ko'ina ba, domin shi ɓangaren Windows ne, ba ɓangaren Store ba. An yi asara ke nan, nauyin kuma yana nan. Wanda ya fi wannan muni shi ne kashe AppX Deployment Service ɗin ta cikin Registry, wato rumbun saitin Windows, kamar yadda wasu bidiyoyi ke koyarwa. Menu na Start da shafin Settings su kansu irin ƙunshin manhajojin Store aka yi su da shi. Ana kashe aikin sai abubuwa su fara ƙin buɗewa, sabuntawar Windows ta riƙa faɗuwa, a yi gudun gara a faɗa wa zago. Ba banza ba Microsoft ta dushe wurin sauya saitinsa a shafin Services.

Fomatin kuwa, a halin da kike ciki, ƙara wa wsappx aiki zai yi. Sabuwar Windows tana zuwa da tsofaffin manhajoji, kuma ranar farko da ta ga intanet sai Store ya hau sabunta su kaf, Windows Update ma ta hau nata. Datar da kike kuka da ita ta ninka, a kan faifan nan dai da bai canja ba.

Fara da dubawa. Ki kunna kwamfutar, ki jona intanet, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare. Idan tagar ta fito ƙarama, danna More details. A shafin Processes ki danna kan kalmar Disk don wanda ya fi cin faifai ya hau sama, sannan ki yi haka a kan CPU. Ki zauna ki kalla na minti goma, kina lura da abu uku: wane ne a sama, kashi nawa Memory ta kai, kuma ko Disk ya tsaya a 100%. Wannan 100% ɗin ba ya nufin faifai ya cika. Yana nufin faifan bai samu hutun ko daƙiƙa ɗaya ba. Za ki iya ganin sa a 100% alhali abin da yake karantawa bai wuce 1MB ko 2MB a daƙiƙa ba, domin sabunta manhaja aiki ne na dubban ƙananan fayiloli. Kusan kullum za ki ga Antimalware Service Executable yana biye da wsappx, saboda mai gadin Windows yana binciken kowane fayil da aka kwance. Wannan daidai ne, kada a kashe shi.

Ki tabbatar kuma na gaske ne. Danna dama a kan wsappx, ki zaɓi Open file location. Na gaske zai kai ki ga fayil mai suna svchost.exe a cikin C:\Windows\System32. Idan ya kai ki wata folda dabam, ko kika ga fayil mai suna wsappx.exe, wannan ba na Windows ba ne, ƙwayar cuta ce ta ari sunan. A nan sai ki bar maganar Store, ki buɗe Windows Security, ki shiga Virus & threat protection, Scan options, ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta ta yi binciken, kusan minti 15.

In na gaske ne, ga gwajin da zai raba miki gardama. Ki samu wuri mai intanet mai ƙarfi wanda ba datarki ba ce, da wuta tsayayya, kwamfutar a jone da caji. Buɗe Microsoft Store, ki shiga Library ko Downloads, ya danganta da sabuntar Store ɗinki, ki danna Get updates ko Check for updates. Ki bar shi ya yi aikinsa, kada ki buɗe Excel ko burauza, kada ki rufe murfin. A kan tsohon faifai abin na iya cin awa ɗaya ko biyu. Dalilin wannan gwajin shi ne yadda masu datar waya ke amfani da kwamfuta: a jona na minti ashirin, a tura saƙo, a cire. Store ya fara saukewa, an katse shi. Gobe ya sake farawa, an sake katse shi. A haka aikin awa biyu sai ya shafe wata biyu, kuma kowace kunnawa da nauyinta. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa. Idan jerin ya ƙare, ki kashe kwamfutar ta hanyar Restart, ki sake duba Task Manager. In wsappx ya leƙo na minti biyu ko uku ya ɓace, lafiya lau.

Idan kuwa wata manhaja ta tsaya a wuri ɗaya, ko ta nuna kuskure, to maƙalewa ce, kuma lambar kuskuren tana faɗar dalili. Ki rubuta ta a takarda.

Abu na farko da za ki duba shi ne agogon kwamfutar, musamman tunda ta gwanjo ce. A cikin yawancin kwamfutoci akwai ɗan ƙaramin batir mai kamar kwabo, galibi CR2032, a laftof sau da yawa a naɗe da roba da 'yar waya. Shi ke riƙe lokaci idan an kashe ta. In ya mutu, kuma babban batir ɗin ma ya gaji, sai kwanan wata ya koma baya da shekaru. Store yana magana da Microsoft ne ta amintacciyar hanya mai takardar shaida, takardar kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan agogo ya yi ƙarya, shaidar ba ta karɓuwa, saukewa ta faɗi, a sake gwadawa, ta sake faɗuwa. Lambar da ta fi nuna wannan ita ce 0x80072F8F. Shiga Settings, Time & Language, Date & time. Kunna Set time automatically, ki tabbatar yankin lokaci West Central Africa ne, wato UTC+01:00, ki danna Sync now. Idan gobe kin kunna kin ga lokacin ya sake kaucewa, a canja ɗan batir ɗin. Abu ne mai araha, amma a wasu laftof sai an buɗe cikinta sosai, don haka aikin mai gyara ne.

Na biyu shi ne fili a faifan C. Lambar 0x80070070 tana nufin wuri ya ƙare. Kada 500GB ɗin nan ya yaudare ki, domin masu gyara kan raba faifai biyu, su bar wa C ɗan kaɗan. Buɗe This PC ki gani. In abin da ya rage bai kai 15GB zuwa 20GB ba, rubuta Disk Cleanup a Start, ki danna Clean up system files, ki zaɓi Windows Update Cleanup, Delivery Optimization Files da Temporary files. Idan kin ga Downloads a jerin, kada ki sa masa alama, fayilolinki ne. Lambar 0x80073D02 kuwa mai sauƙi ce: manhajar da ake son sabuntawa a buɗe take. Restart ya ishe ta.

Idan agogo daidai ne, fili kuma akwai, to wataƙila ajiyar wucin gadi ta Store ce ta lalace, abin da ke yawan faruwa idan an ɗauke wuta ana tsakar girkawa a kwamfutar da batir ɗinta ba ya riƙe caji. Danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta wsreset.exe, ki danna Enter. Baƙar taga za ta fito babu rubutu a ciki. Kada ki rufe ta, ko da ta ɗauki minti biyu ko uku. Da kanta za ta ɓace, Store ya buɗe. Wannan ba ya goge manhajojinki, ba ya taɓa fayilolinki. In bai wadatar ba, shiga Settings, Apps, ki nemo Microsoft Store, ki danna Advanced options. Akwai Terminate, Repair da Reset, ki bi su a wannan jerin: Terminate tukuna, sai Repair in akwai shi, ki gwada; in abin na nan sai Reset. Bayan Reset za ki iya sake shigar da asusunki na Microsoft a Store, shi ke nan asarar. Ga masu Windows 11 sabuwa, wannan wurin ya koma Settings, System, System components. Manhajar da ta maƙale ita ma ana yi mata haka, ko a cire ta a sake girkawa in ba ta riƙe da wani abu naki.

Daga nan abin ya fara shiga aikin baƙar taga, kuma nan ne ɗan yayarki zai yi amfani. Sabuntawar Store tana bi ta injin Windows Update ne, don haka idan foldar da injin ke tara kayansa ta rikice, Store ma ya rikice. A rubuta cmd a Start, a danna dama a zaɓi Run as administrator, a shigar da waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

net stop wuauserv
net stop bits
ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old
net start bits
net start wuauserv

Ba a goge komai ba, an canja wa tsohuwar foldar suna ne, Windows ta buɗe sabuwa. Tarihin sabuntawa zai iya ɓacewa daga allo, dubawar farko kuma za ta ɗan jima. Idan umarni na uku ya ce an hana, a yi Restart a sake gwadawa kafin a jona intanet. Bayan mako guda, in komai lafiya, a goge tsohuwar a samu fili.

In har yanzu, a duba lafiyar fayilolin Windows kanta, a wannan tagar dai, kuma a wannan jerin:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth
sfc /scannow

Na farkon yana buƙatar intanet, domin daga Microsoft yake ɗauko abin da ya lalace. Yakan tsaya a lamba ɗaya na tsawon lokaci kamar ya mutu. Bai mutu ba, a bar shi. Ana fara yin sa ne saboda na biyun daga ma'ajiyar da na farko ya gyara yake ɗiba. Mataki na ƙarshe a wannan layin shi ne sake yi wa Store rajista. A buɗe Windows PowerShell da Run as administrator, Store a rufe, a rubuta wannan a layi ɗaya:

Get-AppxPackage -AllUsers Microsoft.WindowsStore | Foreach {Add-AppxPackage -DisableDevelopmentMode -Register "$($_.InstallLocation)\AppXManifest.xml"}

Akwai irin wannan umarnin da ke yawo wanda ba a sa sunan Store a ciki ba, wato yana sake rajistar dukkan manhajoji lokaci guda. A guje shi. A kan faifai irin naki zai cika allo da jan rubutu, ya daɗe, wani lokacin ya rikita Start.

Idan Store bai nuna wace manhaja ce ke faɗuwa ba, Event Viewer zai nuna. A shiga Applications and Services Logs, Microsoft, Windows, AppXDeployment-Server. Lamba 400 nasara ce, 401 da 404 faɗuwa. Sunan da ya yi ta maimaituwa da jan alama kowace rana, shi ne mai laifin, kuma sau da yawa wani wasa ne da ba ki ma san yana ciki ba.

To, an gyara. Saura ki karɓe linzamin daga hannun Store, ke ki zaɓi lokacin da zai yi aiki. Abin da ya fi amfani ga mai datar waya shi ne gaya wa Windows cewa wannan intanet ɗin da kuɗi ake auna shi. Kwamfuta tana kallon wayarki kamar kowane Wi-Fi na ofis, sai ta saki jiki. Kina jone da wayar, shiga Settings, Network & Internet, Wi-Fi, ki danna sunan wayar, ki kunna Set as metered connection. Da wannan Store yake dakatar da saukewar da yake yi a ɓoye, Windows Update ma ta taƙaita ga abin da ya zama dole. Saitin na kowane Wi-Fi dabam ne, don haka in kin jona da wayar wani sai kin sake yi. A shafin Network & Internet ɗin akwai Data usage, wanda ke nuna abin da kowace manhaja ta ci a kwana 30 da suka wuce. Ki duba shi yau, ki sake dubawa bayan mako biyu, ki gani da idonki.

A cikin Store, danna hotonki a sama, Settings, za ki ga App updates. A da ana kashe shi gaba ɗaya. Tun 2025 Microsoft ta fara mayar da shi dakatarwa kawai, daga mako 1 zuwa mako 5, sannan ya koma da kansa. In naki ya zama haka, akwai wata ƙofa. Masu Windows Pro suna buɗe gpedit.msc, su bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Store, su kunna Turn off Automatic Download and Install of updates. Ke taki Home ce, ba ta da wannan, sai ta baƙar tagar nan da Run as administrator:

reg add "HKLM\SOFTWARE\Policies\Microsoft\WindowsStore" /v AutoDownload /t REG_DWORD /d 2 /f

A yi Restart, a koma saitin Store a duba ko App updates ya dushe. Ranar da ake son mayar da shi, a sake rubuta umarnin a canja 2 zuwa 4. Sharaɗinmu ɗaya ne a kan wannan: duk wanda ya kashe sabuntawar kai tsaye ya ɗaukar wa kansa nauyin yinta da hannu. Sau ɗaya a wata, inda akwai wuta da intanet mai kyau, a buɗe Store a danna Get updates. Wasu sabuntawar toshe ƙofar ɓarayi ne, musamman na manhajojin da ke buɗe hoto da bidiyon da ake turo miki. In kin san ba za ki tuna ba, ki bar wannan umarnin, ki tsaya a kan saitin data mai awo.

Akwai kuma Delivery Optimization, a Settings, Update & Security. Shi ne tsarin da kwamfutoci ke raba wa juna guntayen sabuntawa. Ki kashe Allow downloads from other PCs. A ofis mai kwamfuta ashirin yana da amfani, ga laftof ɗaya a gida babu abin da yake ƙara miki sai motsin faifai.

Rage kayan da ake sabuntawa shi ma gyara ne. Windows 10 takan zo da wasanni da manhajojin talla, kuma kowace ɗaya da ke zaune aiki ce ga wsappx. A Settings, Apps, ki cire wasannin da duk abin da kika tabbatar ba kya buɗewa. Abin da ba ki gane ba, ki bar shi, haka duk wanda maɓallin Uninstall ɗinsa ya dushe. Don kada a riƙa cuso sababbi a ɓoye, wannan umarnin ya wadatar, kuma asusun da aka rubuta shi a ciki kawai yake shafa:

reg add "HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\ContentDeliveryManager" /v SilentInstalledAppsEnabled /t REG_DWORD /d 0 /f

In akwai tsohon asusun wanda ya sayar miki da kwamfutar, ki duba babu fayil ɗinki a ciki, ki goge shi. Ana yi wa kowane asusu rajistar manhajoji dabam.

Sai maganar da ba kowa ke son ji ba. Duk abin da muka lissafa zai sauƙaƙa, amma wsappx iri ɗaya ne a kwamfutar kowa, kuma masu SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, ba su ma san da shi ba. Faifan laftof irin na da galibi yana juyawa sau 5,400 a minti, da ɗan hannu guda da ke zuwa ya nemo kowane fayil. Babban fayil ɗaya yana iya karanta shi da saurin kusan 100MB a daƙiƙa, amma ƙananan fayiloli warwatse bai fi ya ɗauko ɗari a daƙiƙa ba. Kamar yaron shago ɗaya ne da mutum ashirin ke aika lokaci guda, wannan ashana, wancan magi: ba nauyin kayan ke gajiyar da shi ba, zirga-zirgar ce. SSD ba shi da abin da ke motsi, yana ɗauko dubun dubata a daƙiƙa guda. Ga kuma RAM mai 4GB ɗin: Windows kaɗai tana cin kusan rabi, burauza da Excel su cinye saura, in ta cika sai a riƙa jibge ragowar a kan faifan nan da ya riga ya galabaita. Idan a duban da kika yi kin ga Memory ta haura kashi 85, wannan ne ke faruwa.

Kafin a kashe ko kwabo, a duba lafiyar faifan da manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. In ta nuna Good da shuɗi, faifan tsufa kawai ya yi. In ta nuna Caution da rawaya, ko kina jin ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar, ya fara mutuwa, kuma shi ne ke lalata fayilolin da Store ke ta ƙoƙarin sake rubutawa. A wannan halin kada a yi DISM ko wani dogon bincike a kansa. A kwashe kaya, a canja shi.

In kuɗin abu ɗaya gare ki, SSD za ki saya, ba RAM ba. Laftof mai irin faifanki tana karɓar SSD na SATA mai inci 2.5, wanda ke shiga daidai gurbin tsohon, kuma 256GB ya ishi aikin makaranta. Saurinsa yana kai wa kusan 500MB a daƙiƙa. RAM ta biyo baya in hali ya yi. A Task Manager, shafin Performance, Memory, za ki ga Slots used: in ya ce 1 of 2, akwai gurbin ƙara wani 4GB a kai 8GB. A ciro wanda ke ciki a karanta takardar jikinsa kafin a saya, domin DDR3, DDR3L da DDR4 ba sa maye gurbin juna yadda aka ga dama. DDR4 ba ya ma shiga gurbin DDR3, kwamfutar da ke son DDR3L mai wuta 1.35V kuma tana iya ƙin tashi da DDR3 mai 1.5V. Kada dai ki zuba kuɗi da yawa a wannan kwamfutar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da injin zamani, in na Intel ne daga ƙarni na 8 zuwa sama, abin da yawancin tsofaffin laftof na gwanjo ba su da shi. SSD ɗin aƙalla ana iya cire shi a kai wata kwamfutar.

Canjin faifai ki bari sai kin miƙa sakamako. In lokacin ya yi, ki ce wa mai gyara ya ɗora sabuwar Windows a kan SSD ɗin, ya bar tsohon faifan yadda yake, ya sa shi a ɗan akwatin USB ya ba ki, fayilolinki duka suna ciki. Lasisin Windows, in na gaske ne, yana bin allon uwar kwamfutar ne, zai dawo da kansa idan aka ɗora Home ɗin dai aka jona intanet. Office ba haka yake ba, don haka ki tabbatar kina da lambar lasisinsa ko asusun da aka saye shi da shi kafin a kwance ko sukurori ɗaya. Ki kuma nemi a gama duk sabuntawar Windows da ta Store a shagon, a kan intanet ɗinsu, kafin ki ɗauko ta.